Basillar Sale

Da kakar bana ƙanena Salihu, wanda mutanen Birnin Gwari suka fi sani da Sale Mai Basilla, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo 'ya'yansa kan tara mu a yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya faɗi alherin da ya sani a kansa. Ni ma nakan faɗi nawa, kuma ba ƙarya nake yi ba. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa a wannan zama ba, shi ne zan faɗa yau tun ina da sauran numfashi. Na fi shekara arba'in ina ƙyashin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mutuwarsa ba ta raba ni da wannan ƙyashi ba.

Sai na ɗan koma baya domin yaran yanzu, waɗanda da yawansu ba su taɓa riƙe basilla ba. Basilla babbar allura ce, tsawonta ya kai tafin hannu, da ita ake ɗinke bakin buhun hatsi, da ita dukawa ke ɗinka fata, masu jakuna kuma su gyara mangala. Kakanmu maƙeri ne daga ƙasar Zazzau. Da ya sauka garin nan ya tarar da maƙeran fartanya da gatari sun riga sun kama mutanensu, babu manomin da zai bar maƙerinsa ya zo wurin baƙo. Sai ya lura ana jiran fatake su kawo basilla daga nesa, idan ta mutum ta karye a tsakiyar kaka sai ya bi gida-gida yana aro. Ya ajiye ƙirar fartanya ya kama wannan. 'Yan'uwansa maƙera suka yi ta yi masa dariya, wai ƙato da masaba ya ɓuge da ƙera abin ɗinki. Da wannan abin dariya ya gina gida, ya aurar da 'ya'yansa, ya bar wa mahaifinmu, Malam Tanko, maƙera da suna.

A zamanin Baba ƙarfen ya fi samuwa. Siraran ƙarafan tayar keke, ƙarafan tsohuwar lema, guntayen sifirin ɗin mota, duk ba ma barin su. A yanka ƙarfe daidai tsawo, a sa a wuta, a buge gindinsa ya yi faɗi, a huda kafar da zare zai bi, a fiƙe tsinin da magagari. Daga ƙarshe a yi ban-ruwa, wato a mayar da ita wuta ta yi ja, a tsoma a ruwa ko mai domin ta yi ƙwari. Idan ka yi gaggawa ta karye kamar tsinke, idan ka yi jinkiri ta lanƙwashe a buhun farko. Amma mai saye ba ya ganin ban-ruwa. Abin da yake ɗagawa ya duba a rana shi ne kafa. Kafar da ba ta yi santsi ba takan ci zare, ka ɗinka buhu uku igiya ta tsinke sau biyar.

Na girmi Sale da shekara uku, kuma na riga shi zama gaban wuta. Na yi ta gwada hudar kafa, cikin goma sai in fasa huɗu. Sale kuwa tun ranar da ya fara, kamar da abin aka haife shi. Wata hantsi, ina da shekara goma sha bakwai, Baba ya ɗauko mahujin kakanmu, wani ɗan siririn ƙarfe da ba ya bari kowa ya taɓa, ya tsallake ni ya miƙa wa Sale.

"Daga yau kai ne mai huda," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma Idi, wuta taka ce. Kana da idon wuta."

Yanzu na san yabo ne ya yi mini. A ranar ji na yi kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Sale ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin murmushin yaron da aka ba abin da bai roƙa ba. Da ya yi mini gori da na samu dalilin ƙinsa. Bai taɓa yi ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Mukan ɗaura kaya a keke mu ci kasuwar Dogon Dawa, mu leƙa Kakangi, mu biya ta Kusasu, a lokacin da mutum zai ratsa dajin nan ba abin da yake tsoro sai ƙaya ta fasa masa taya. Manoma Hausawa da Gwarawa da 'yan kudancin Kaduna da suka zo noma, duk sun san tabarmarmu. Matan Fulani kan aiko a saya wa mai ɗinke musu fasassun ƙore ƙananan basillu. Kowa ya zo sai ya ce, "A ba ni basillar Sale." Ina zaune a gefe, hannuwana duk tabon ƙuna, ni na tsoma kowace ɗaya a ruwa, amma ban taɓa jin an ce basillar Idi ba, ko da kuskure.

Da Baba ya rasu ban bari an yi arba'in ba na ce a raba maƙera. Na ɗauki uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kansa, da zugazugai, na ce ni ne babba. Na kafa rumfata a tsallaken hanya, daidai inda zan riƙa ganin duk wanda ya shiga wurinsa. Sale bai yi musu ba. Ya samo guntun ƙarfen jirgin ƙasa ya mayar da shi uwar maƙera, ya ci gaba.

Akwai wani dillalin masara da ke loda manyan motoci zuwa Kaduna, yana da masu ɗinkin buhu da yawa a ƙarƙashinsa. Duk kaka a wurinmu yake sayen basilla. A kakar farko bayan rabuwarmu na tare shi a hanya, muka gaisa, na ce masa cikin sanyin murya, kamar mai tausayi, ai Sale yanzu ruɓaɓɓen ƙarfe yake amfani da shi, ya yi hattara. Ƙarya ce. Ƙarfe ɗaya muke saye a wurin mutum ɗaya. Dillalin bai koma wurin Sale ba, kuma bai zo wurina ba. Ya aika Kaduna aka kawo masa na kanti, daga nan masu ɗinki suka fara sabawa da su. Da bakina na buɗe wa kayan waje ƙofa a garinmu.

Maganar ta kai kunnen Sale, domin a garin nan magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Washegari da safe na gan shi ya tsallako hanya. Na gyara zama, na shirya amsoshina. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya buɗe hannu ya nuna mini basilla biyu, duk a lanƙwashe.

"Yaya, tun da ka tashi haka suke yi mini. Na yi duk abin da na ga kana yi, sun ƙi. Ka dawo, ko kuwa in riƙa kawo maka kana tsoma mini."

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ban taɓa jin kunyar wani daɗi kamar shi ba. Na karɓi basillun na jujjuya su, na mayar masa.

"Ai kai ne gwani," na ce. "Baba ma ya faɗa."

Ya karɓa ya zuba su a aljihu. Sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ya tashi ya koma. Bai ambaci dillalin ba, a ranar ko bayanta.

Shekara tara muka yi a haka, hanya ɗaya a tsakaninmu. Nawa ba sa lanƙwashewa amma suna cin zare, nasa suna da santsi amma ba sa jure buhu mai kauri. Mutane suka fara cewa basillar gidan Tanko ta lalace. A hankali Sale ya koyi ban-ruwa daidai gwargwado, ni kuwa ban taɓa koyon huda ba. Sai ga na kanti sun cika kasuwa, ga robobi sun kori ƙwarya, ga babura sun kori jakuna. Bayan haka daji ya rikice. Kasuwannin da muke ci suka daina cika, manoman da ke ɗinka buhu ɗari suka koma ba sa iya zuwa gonar da ta wuce bayan gari. Na rufe rumfata na koma sayar da kayan masarufi. Sale ya ci gaba da hura wuta kullum, ko za a sayi biyar ko ba za a saya ba. Ina kallonsa daga shagona, ina cewa a raina taurin kai ne, alhali ƙyashin wannan ma nake yi, yadda bai taɓa jin kunyar sana'ar gidanmu ba.

Tari ne ya kama shi, irin na waɗanda suka daɗe suna shaƙar hayaƙin gawayi. Aka ce a kai shi babban asibiti a Kaduna, a lokacin kuwa hanya ba ta biyuwa sai an tara motoci an samu rakiya. Muna jiran ranar tafiya ya cika, da hantsi, a ɗakinsa, ina riƙe da ƙafarsa. Na so in roƙe shi gafara a kan maganar dillali. Ɗakin cike yake da mutane, na ce bari su ragu. Ba su ragu ba. Jana'izarsa ta tara jama'ar da ban yi zato ba a irin wannan lokaci, har da tsofaffin manoma Kiristoci da suka yi kasadar hanya daga ƙauye, suka tsaya daga gefe har aka gama. Ina tsaye a sahun gaba ina kuka, wani ɓangare na zuciyata kuma yana tambaya ko rabin waɗannan za su zo tawa. Allah ya yafe mini.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da ya ga yau. A kasuwar hatsi yanzu wani ɗan inji ake riƙewa a hannu, a ja shi a bakin buhu, kafin ka ƙifta ido ya ɗinke. Na san da zai tsaya ya karɓa ya jujjuya, ya cire allurar ya ɗaga ta a rana, ya yaba wa wanda ya huda ta ko da bai san ƙasarsu ba. Haka yake, yabon aikin wani ba ya yi masa ciwo. Ni kuwa ranar da na fara ganin injin sai na ji wani sanyi a raina, na ce to, yau dai sunan Sale ya ƙare. Wannan shi ne bambancina da shi.

Sunan bai ƙare ba. Inji yana son wuta ko caji, yana lalacewa, kuma ba ya ɗinka fata ko tsohon buhun da ya yage ta gefe. Shekara biyu da suka wuce, da aka ɗan samu sauƙin hanya mutane suka fara komawa gona, 'yarsa ta fari, Hajara, ta zo gidana da ƙullin tsumma. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta gaishe ni, ta kwance ƙullin, sai ga basilla ashirin, an huda su an fiƙe, ba a yi musu ban-ruwa ba. Na ɗaga ɗaya na duba kafar, sai na ga santsi irin na hudar Sale.

"Wa ya huda wannan?"

"Ni ce, Baffa. Tun da idon Baba ya fara rauni ni nake yi masa a cikin gida, bai bari kowa ya sani ba. Amma tsomawar ya ce kada in koya a wurinsa, tasa ta maneji ce. Ya ce in na tashi in zo wurinka."

"Ya san abin da na yi masa?"

"Ya sani, Baffa. Mu ma mun sani."

Da la'asar na sa aka fito da zugazugaina daga rumbu, ɓera ya ci fatar, na kai aka sake. Tun daga lokacin ita ke hudawa a gidanta, ni ina tsomawa a nawa. Ba sana'ar da za ta sayi mota ba ce, amma yaranta suna cin abinci suna zuwa makaranta. Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Sale, ba zan ce sunansa ba, ko da yake sunan ne ya hana ni sakat. Zan ce wannan haƙuri da ya ajiye mini, bai tona ni ba yana raye, kuma ya shirya yadda za a dawo da ni gaban wuta bayan ba ya nan.

Makon jiya na raka Hajara kasuwa, na zauna a bakin tabarma. Wani matashi mai sayen hatsi ya tsuguna ya ɗauki basilla ɗaya, ya danna tsininta a jikin benci da ƙarfi, ba ta ko motsa ba.

"Wannan ita ce basillar Sale ta gaskiya," ya ce. "Babana yakan ce duk ƙasar nan babu wanda ya san wuta kamar Sale."

Na ji ƙyashin nan ya taso mini, sabo fil kamar ina ɗan shekara goma sha bakwai. Kafin in buɗe baki Hajara ta riga ni.

"Wutar ta Baffana ce, ga shi nan zaune. Wan Baba ne."

Matashin ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, cikin ladabi da mamaki.

"Ashe Sale yana da wa?"

Na ce masa yana da shi. Ya sayi uku ya tafi.

Allah ya jiƙan Sale, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in ya gama ya ɗan taɓa ni da ita, domin na fi shi bukata.