Hannun Jharna Ba Awarwaro

Ni ba na ɓoye-ɓoye: tun ranar da aka kawo Jharna gidanmu ban saki jiki da ita ba. Mace ce da ba ta magana sai an tambaye ta, irinsu kuwa tsoronsu nake ji. Matar ƙanena ce, Haradhan. Ni ce yayarsa, Protima, Didi ake ce min, wato yaya. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu na bayan tafki a garin Katwa, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Gidansu sana'ar muri suke yi, ita ma da ita ta zo. Ta zuba yashi a kasko ya ɗau zafi, ta watsa shinkafa ta kumbura ta yi fari tas, a kai shagon Gobindo a bakin titi. Shekara ashirin da biyu tana wannan. Ta haifi 'ya'ya mata biyu ta aurar. Gaskiya ɗaya ce, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga wa Ma, mahaifiyarmu, murya ba, ni kuma wannan ma sai da na sa masa ayar tambaya.

Wata damina santsi ya kwashe ta a matakalar tafki, wuyan hannunta na hagu ya karye. A asibiti suka zare mata awarwaron aure, fari na katantanwa da ja, har da munduwar ƙarfen da Ma ta sa mata ranar da ta shigo gidan. Ba wanda ya ga laifi, lalura ce. Bayan sati shida aka kwance ɗaurin, hoto ya nuna ƙashi ya haɗe sumul. Ma ta ɗauko awarwaron ta kama hannunta za ta zura. Yana taɓa wuyan hannun Jharna ta ƙwalla ƙarar da ta tashi hankakin kan katanga.

"Wuta ce, Ma! Don girman Allah cire, wuta ce!"

Muka duba hannu, ba ƙuna, ba ƙurji, ba komai.

To a wurinmu mace ba ta zama da hannu tsirara sai mijinta ya mutu. Nawa awarwaron a bakin tafki aka farfasa su da dutse, har yau ina jin ƙarar. Ga Haradhan ciwon suga ya ramar da shi, wuya duk ya fito. A ce matarsa tana yawo a tsakar gida kamar wadda aka riga aka yi wa ta'aziyya? Raina ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai.

Na sa mata ido. Abin da na gani kuwa ya ƙara min zargi. Hannun nan da shi take damƙe kunnen kasko, da shi take jan buhun shinkafa. Amma bakin zanenta na sari ya ɗan shafi wurin, sai ta zabura tana hura iska. Wane irin ciwo ne yake ɗaukar buhu ya kasa ɗaukar zare? Kuma me ya sa Gobindo kullum sai ya tambayi hannun, da wata murya mai laushi da ban san yana da ita ba?

A bakin famfo ma mata ba su bar ta ba. Matar mai gyaran keke ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Jharna, yaushe za a kira mu cin shinkafar sadakar? Ki faɗa da wuri mu bar ciki."

Aka kwashe da dariya. Ita ko ta ɗauki tulunta ta wuce.

Rannan na lallaɓo ta baya tana tsakar suya, na ɗan goga mata bakin mayafina a wuyan hannun. Ta saki kasko, yashi ya watse, ta durƙusa tana hura wa wurin iska. Na ce a raina inuwata ta gani.

Ma ce ta yanke hukunci. Ta ce, "Ɗa namiji ɗaya gare ni. In bikin Durga ya zo hannunki haka, ki tattara ki koma gidan ubanki, can ki yi takabar."

Haradhan dai mutum ne da ko ƙuda ba ya iya kora a gaban Ma. Ni na ce a kai ta babban asibiti a Kolkata, ba don tausayi ba, don likita ya tona mata asiri a gabana. Muka hau jirgin ƙasa na safe mu biyu, ta naɗe hannun a ƙirji tana kare shi daga iskar taga.

Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta sa Jharna ta rufe ido, ta ɗauko auduga ta shafa hannun dama, shiru. Ta shafa goshi, shiru. Ta ɗaga audugar ta yi jim ba ta taɓa ko'ina ba, shiru. Tana ɗora ta a wuyan hannun hagu Jharna ta fizge, gumi ya keto mata.

Na ce, "Likita, ƙashin fa ya warke."

Ta ce, "Ya warke, Didi. Ciwon ya bar hannun, yanzu a laka yake, cikin ƙashin baya. Duk abin da fata ta ji sai ya bi ta can kafin ya kai ƙwaƙwalwa. In saƙon zafi ya daɗe yana dukan wurin, jijiyoyin lakar sukan canza. Su riƙa zubar da sinadarai fiye da kima, masu karɓa su ƙara buɗe ƙofofi, waɗanda aikinsu rage ƙarfin saƙo kuma su yi sanyi. Kamar lasifikar biki ce da aka ƙure wa murya aka manta. Shafa kaɗan sai ta isa a matsayin ƙuna."

"To buhun da take ja fa?"

"Wasu sun fi jure riƙo mai ƙarfi a kan abin da ke gogar fata. Awarwaro kuwa yini yake yana kai da komo."

Ta rubuta magani, ta koya mata shafa wurin da ƙyalle kaɗan-kaɗan, ta ce zai ɗau watanni, wataƙila fiye. Ni kuwa hannun likitar nake kallo. Ga jar hodar da matan aure ke shafawa a tsagar gashinta, amma agogo kawai ta ɗaura. Na ce a raina ashe ƙawar Jharna ce a ra'ayi. Da muka dawo Ma ta tambaye ni, na ce, "Sun ce ƙashi lafiya lau." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Jharna ta dube ni ta wuce.

Saura kwana huɗu biki ta fito da safe da awarwaron duka uku a hannun. Da kanta ta sa. Ma ta shafa mata kai. Na ce, "Kun gani? Da ma iya shege ne." Ta hura wuta, ta toya muri, ta dafa kifi. Ta daina cin abinci. Leɓenta na ƙasa duk ya fashe saboda cizo. Hannun ya kumbura ya yi sheƙi, in awarwaro ya motsa sai ta tsaya cak ta rufe ido, sannan ta ci gaba.

Rana ta uku tana zuba wa Haradhan shinkafa, awarwaron ya goge ta, cokalin ya suɓuce ya faɗa faranti. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ture farantin ya tashi, ya ɗauko dutsen niƙan yaji, ya ce, "Zo nan. Ɗora hannunki a dakali."

Ma ta yi ihu, "Haru! Kana da rai! Wa yake fasa wa matarsa awarwaro yana da rai?"

Ya ce, "Ni, Ma. Gara in yi da hannuna ina gani."

Ya tura yatsunsa biyu tsakanin fatarta da awarwaron ya buga. Fari ya tarwatse, ja ya bi. Ƙarfen da filaya ya buɗe shi, yatsunsa na jini. Ya juyo gare ni ya ce, "Didi, ke kika je asibitin. Me likita ta ce?"

A nan na faɗa, duka, kaina a ƙasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Jharna ba ta koma gidan ubanta ba. Shekara uku ke nan, hannun ya yi sauƙi har tana jure hannun riga, Haradhan kuma yana nan da ransa. Na yarda da maganar laka, na rantse na yarda. Amma ko tari ya yi a ɗaki, kafin in ankara idona ya sauka a kan wuyan hannunta. Ita ma ta sani, sai ta ja sari ta rufe wurin, duk da zafin da hakan yake mata.