Na yi rubutu da sunan maigidana bayan rasuwarsa

Lokacin da abin nan ya faru, ni matar malamin lakwal ce, wato makarantar boko, a Filinge. Karatuna bai yi nisa ba, ɗinki ne sana'ata. Maigidana, wanda kowa a gari ke kira Mushe, laƙabin Faransanci da ake yi wa malaman lakwal, yana da wani aiki da ba wanda ya sa shi. In ya taso daga lakwal sai ya zauna bakin zaure da salularsa yana rubutu a wiki, wato kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu ya gyara. Labarin ƙasar Kurfai yake rubutawa, rijiyoyinta da rumbunanta da kasuwannin dabbobi. In na ce masa tuwo na hucewa, sai ya ce saura layi ɗaya.

Yana da aboki a can, wani mutumin Sakkwato da ba su taɓa ganin juna ba. Wasa suke yi kamar taubasai. Shi ya ce Hausar Mushe ta sha Faransanci ta ƙoshi, Mushe ya ce ai tasa Ingilishi ya cinye ta tun tuni. Yakan karanta mini mu yi dariya. Na kuma lura bai taɓa cire rubutun wani ba sai ya fara yi masa sallama a shafin tattaunawa, ya faɗi dalilinsa.

Da faɗuwar damina ciwo ya kama shi, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin takaba nakan riƙe salular nan don kawai hannunsa ya saba da ita. Wata rana na buɗe, na tarar sunansa yana nan a shige, ga kuma wani shafi da ya fara kan dangin uwarsa na ƙauye, masu bin addinin kaka da kakanni, waɗanda ba sa taɓa sabon hatsi sai an yi hidimar iskoki. Maganarsa ta ƙarshe a tsakiya ta tsaya. Na kasa jure ganinta haka. Na san al'adar, ya taɓa kai ni na gani, sai na ƙarasa masa. Na rubuta cewa mutanenmu sun fi kowa riƙon amana, ba a taɓa yin irinsu ba.

Washegari na ga an cire. Mutumin Sakkwato ya bar saƙo yana tambayar Mushe ko fura ce ta yi tsami ta hau masa kai, alhali Mushe ne ya koya masa cewa a wiki ba a cewa mutanenmu, ba a yin kirari, kuma kowace magana sai da madogara. Ya ce ya yi kewarsa, ina ya shige haka. Na yi kuka, ban amsa ba. Na maida rubutuna, ya cire, na sake maidawa. Ni a raina sawun mijina ake sharewa.

Daga nan wasa ya ƙare. Ya rubuta cewa wannan ba hannun abokinsa ba ne, abokinsa ba ya yin shiru in an gaishe shi. In sace salular aka yi, zai roƙi masu kula da wiki su toshe sunan. Mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ni ce zan sa a rufe sunansa kamar na mai ɓarna.

Na kai kukana gun yayar maigidana. Ta dube ni ta ce, haba ƙanwata, ko rigarsa ba a ce ki sa ki tafi kasuwa ba, balle sunansa. Ta ce mun aika saƙon rasuwa garin Abala, mun aika Sanam, amma ba wanda ya tuna da mutanen cikin salula, alhali su ma suna da hakkin yi masa addu'a.

Ban taɓa kiran sunan maigidana ba, ranar nan ma ban iya rubuta shi ba. A shafin tattaunawa na ce kawai mai wannan suna ya rasu, ni ce iyalinsa, ni na yi rubutun, a gafarce ni. Amsar mutumin Sakkwato gajeriya ce. Ya yi salati, ya ce yana ta tsokanar mamaci bai sani ba, ni ma in gafarce shi. Sai ga mutane daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna shigowa ta'aziyya a shafin, ɗaya bayan ɗaya, kamar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Ba a toshe sunan ba. Bayan na fita takaba, mutumin Sakkwato ne ya nuna mini yadda zan buɗe nawa. Tare muka ƙarasa shafin, da madogara daga littafin da Mushe ya riga ya ambata a ƙasa, ba yabo ba zagi, yadda ya fara shi.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, kada ka yi rubutu da sunan wani, ko da mutumin da ka fi so ne a duniya. In an cire maganarka, amsa gaisuwa tukuna kafin ka maida ta. Wiki ba ta mantuwa, har yau gyare-gyaren ƙarshe da ke ƙarƙashin sunan Mushe nawa ne, kuma su ne kaɗai nasa da aka taɓa cirewa. Yanzu abokinsa Malama yake kirana. Makon jiya ma ya cire mini wata kalma, amma sai da ya fara yin sallama.