Agwagwar Roba da Majanyi

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, don haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙarar malaminmu, Allah ya jiƙansa. Abin da zan faɗa dai da idona na gan shi.

Ɗana na biyu ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane tsakanin Bagudo da bakin iyaka. Wata rana ya dawo daga ƙetare, can ƙasar Benin, da wata roba ruwan ɗorawa a ninke. Ya zauna tsakar gida ya yi ta hurawa har idanunsa suka firfito, sai ga agwagwa ta miƙe, mai dogon wuya da jan baki, da ƙofofi biyu na zura ƙafa a tsakiyarta. Tsarabar 'yarsa ce, jikata, wadda lokacin ba ta isa makaranta ba. Amarya nake ce mata, irin wasan kaka da jika.

Na zagaya agwagwar ina duba ta da idon masana. Na ce, "Wagga ba ta ƙwai, ba ta yankuwa. Mi za ta yi muna?"

Ya ce, "Baba, ta wanka ce. In yaro na ciki ba ya nutsewa."

Wannan maganar ta shiga kunnen matan gidan, ta shimfiɗa tabarma ta zauna.

Bayan unguwarmu akwai wani reshen kogin Kwara inda mata ke wanki. Ruwan bakinsa iyakarsa gwiwar babba. Ranar kasuwar Lolo da hantsi na je can jiƙa kaba, don ina ɗan tufka igiya in rage zaman banza. Tsohuwata, wato kakar yarinyar, ta zo da wanki da jika da agwagwa. Ta zura yarinyar ciki, ta tsaya tana kallo, sai ta ga ba ta yarda ba. Yarinyar siririya ce, tana iya sulluɓewa. Sai ta kwance majanyi, ƙyallen da ake ɗaure goyo da shi, ta zagaya ƙirjin yarinyar ta haɗa da wuyan agwagwar, ta yi ƙullin nan na mata wanda ko goyo ya yi tsalle ba ya motsi. Da shi ta goyi 'ya'yanmu duka, ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba.

Na ce, "Hajiya, sauran ki sa mata linzami."

Ta ce, "Malam, ji da kabarka."

Mata sun cika wurin, ana ta bugun kaya ana gardamar wani biki. Kowace ta san akwai mai kallon yarinyar. Jirgi mai inji ya wuce can nesa da 'yan kasuwa, har mun manta da shi kafin igiyar ruwansa ta iso gaɓa. Na ɗaga kai kawai, sai na ga cikin agwagwa yana kallon sama, da ƙafafu biyu ƙanana suna harbin iska.

Duk tsawon rayuwata a bakin kogi ina zaton mai nutsewa ihu yake yi. Ko tari ban ji ba. Wadda ke kusa da ita ma matse zane take yi, ta juya baya.

Ban san gwiwoyina sun ɓoye sauran gudu ba sai ranar. Na kama ƙafafun na ja, ƙulli ya ƙi. Sai na rungumi agwagwa da yarinya gaba ɗaya na birkice su. Ta yi shiru, fuskarta ta sake launi, sannan ta amayo ruwa ta tsala kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Majanyin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, da wuƙar kaba na yanke shi. Muka kai ta asibiti, malamar asibitin ta saurari ƙirjinta, ta ce mu sa ido kan numfashinta. Allah ya kiyaye.

Ubanta da ya dawo bai yi wa uwarsa faɗa ba, ina ya ga fuska. Agwagwar ya caka wa tsinken keke, ya ce daga yau 'yarsa ta yi sallama da ruwa, sai na randa. Tsohuwata kuwa ta daina magana. Ina tsokanarta tana ce mini "to". Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na kira ɗana zaure. Na ce, "Na ji hukuncinka, ranka ya daɗe. Shi kogin ina za ka kai shi? Kan babur?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Dangin uwarta na wancan ƙetaren. Cikin jirgi za ta tafi suna da biki har ta tsufa. Ran da jirgi ya karkace, hanin naka zai ɗaga ta?"

Ya tayar da babur ya tafi. Na fassara tafiyar tasa yadda ta yi mini daɗi.

Muna da maƙwabciya Basarkiya, 'yar masunta, wadda ta iya ruwa tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Ta yarda ta koya wa yarinyar, da sharaɗi: ba roba, ba ɗauri, kuma kullum babba ya tsaya cikin ruwan inda hannunsa zai kai gare ta, hannun nan babu wanki a ciki. Da na kawo maganar gida, ban rufe baki ba tsohuwata ta ce, "Ni ce zan tsaya." Ta ɗaura zane ta shiga. Farko yarinyar ƙanƙame ta take yi tana kuka. A hankali ta yarda ta sa fuska ta hura kumfa, ta yarda ta kwanta rigingine bisa tafin kakarta. Sauran mata suka fara turo nasu, suna karɓa-karɓa wajen tsayuwa. Ni aka naɗa mai ba da shawara daga tudu, muƙamin da ba wanda ya nema sai ni.

Ruwa ya fara ja baya lokacin da labari ya kai kunnen uban. Ya iso da yamma fuska a murtuke, bai ko kashe babur ba. Yarinyar ta hango shi daga inda ruwa ya kai ƙirjin kakarta.

Ta ce, "Baba, tsaya nan ka gani."

Tsohuwata ta zare hannu, tana biye da ita a gefe. Yarinyar ta taho tana fantsama kamar ɗan kwikwiyo, kai a sama, baki a rufe gam. Uban ya shiga ruwa da takalmi da wando da waya a aljihu, ya durƙusa ya miƙa hannu. Da ta kusa, sai na ga ya ɗan ja da baya, don ta ƙara kaɗan da kanta.