Ranar da Na Ƙi Gudu a Bayan Doguwa

Assalamu alaikum. A shekarun hamsin, kafin a ba Nijeriya mulkin kai, ni saurayi ne ɗan zangon Kumasi, can ƙasar da iyayenmu suke kira Gwanja. Mahaifina mutumin Bebeji ne. Fataucin goro ya kai shi can, ya yi aure, ya haife mu, ya rasu bai sake ganin gida ba. Na ɗan taɓa makarantar boko, daga baya na zauna a wani ɗakin shan magani ina koyon wankin miki da ɗauri. Amma abin da aka san ni da shi a unguwarmu shi ne gudu. Dogo ne ni, siriri, duk tseren da aka yi a makaranta ni ne a gaba, kuma ko da na bar makaranta ban bar gudun ba. Da an sallame sallar asuba sai in sa gajeren wando in zaga gari. Ranar da ban yi ba, wuni nake jikina ba daɗi.

Bayan rasuwar mahaifina raina ya ƙi kwanciya sai na ga inda aka yanke cibiyarsa. Na shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, na sha amai har na fid da rai, daga nan jirgin ƙasa zuwa Kano, sannan bayan motar kaya har Bebeji. Baffana, ƙanen mahaifina, da ya gan ni sai ya fashe da kuka, ya ce kamar yayansa ne ya dawo da ƙuruciya. Mutanen gidan sun riƙe ni da mutunci, sai dai dariyar Hausata ta zango suke yi, wadda ba ta raba mace da namiji. Kafin wata ya kama, kowa Ɗan Gwanja yake kirana.

A ranin shekarar agana ta ɓarke a ƙasar. Wata ranar kasuwa na ga malamin lamba, mai yi wa mutane rigakafin agana, zaune a gindin bishiya da akwatinsa, shi kaɗai, mutane sun yi masa yawa, yara na ihu suna fizgewa. Na tsuguna na kama riƙe masa damatsan yaran, har la'asar ban tashi ba. Da zai tafi ya tambaye ni inda na koyi aiki, na gaya masa. Ya ce yana buƙatar hannu, amma ba shi da ikon ɗaukar kowa aiki, sai dai in bi shi don Allah, mu ci abin da aka ba mu. Na ce na yarda. Baffa bai so ba, ya ce baƙo ba ya shiga abin da bai san farkonsa ba, amma da ya ga na kafe sai ya sa mini albarka.

Haka muka kama hanya. Muka yi Ƙofa, muka yi Kiru da Ba'awa, muka gangara Tudun Wada. Malam yana kan kekensa da akwati a baya, ni kuwa ina gefensa da sassarfa, in hanya ta yi yashi har in wuce shi in jira shi a gaba. Ruwan lambar ba ya son zafi, don haka a jiƙaƙƙen tsumma muke naɗe shi mu sa a tukunyar ƙasa, duk rafin da muka tarar sai mun sake jiƙawa. A zauren dagaci muke kwana, a kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, wanda da farko nake haɗiya da ƙyar ina tuna sakwarar gida, daga baya har ɗumame nake nema. Da rana fura da nono a hannun matan Fulani. Aikin kansa ba wuya, a goge damtse, a ɗiga ruwan, a ɗan karta da allura. Wuyar ita ce samun mutanen. Na sha ciro yara daga cikin rumbu inda iyayensu mata suka ɓoye su.

Gudun asubata kuwa ya zame wa mutane abin kallo. A ƙasar nan babba ba ya gudu sai da dalili. A Kiru wasu mutane sun taɓa rufa mini baya da sanduna, suna tambaya ko kura ce ko ɓarayi. A Ba'awa wata tsohuwa ta tsaya tana yi mini addu'ar Allah ya yaye mini. Malam ya ce da zan bari da ya fi. Na ce masa ban taka gonar kowa ba, ban leƙa gidan kowa ba, kuma duk garin da muka sauka sai na gaya wa dagaci cewa motsa jini nake yi. Da wannan ƙafar nake bin kekensa, in na bar ta ta mutu wa zai ɗauke ni? Ya yi dariya ya ƙyale ni.

Daga Tudun Wada muka ratsa daji muka wuce Doguwa, zuwa wani ƙauye a gindin duwatsu wanda ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan. Agana ta riga mu isa, an riga an fara binne mutane. Akwai rugar Fulani kusa, arɗonsu ya kawo mutanensa kakaf aka yi musu lamba. Na cikin gari kuwa ɗai-ɗai suke fitowa. Cikin waɗanda aka kawo har da wata yarinya ƙarama, 'yar maƙerin garin, uwarta ta kawo ta uban ya tafi cin kasuwa. Ni na riƙe ta, ni na karta mata. Ba ta ma yi kuka ba, allurar kawai take kallo. Ashe cutar ta riga ta shiga jikinta ba wanda ya sani, ita kuwa lamba rigakafi ce, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Ruwan lambarmu ya ƙare, Malam ya koma Tudun Wada ɗebo wani, ya bar ni ina duba damatsan da suka kama. A bayansa ƙuraje suka feso wa yarinyar, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa.

Ban san an fara magana ba, sai dai na ga gaisuwa ta ragu, tuwon da ake aiko mini ma ya daina zuwa. Daga baya na ji abin da ake cewa. Wai baƙon nan da ko Hausa bai iya sosai ba, zagayen da yake wa gari da asuba wani abu yake binnewa, wai duk inda ya zaga sai cutar ta shiga, wai da allura ya sa wa 'yar maƙeri ita.

Wata safiya na yi guduna ta bakin rafi, ina dawowa rana ta ɗan ɗago, sai na hango mutane tsaye a gindin wata kuka a ƙofar gari, da sanduna, maƙerin yana gaba da ƙotar gatari. Da suka gan ni suka yo kaina. Hanyar Doguwa tana bayana a buɗe, ba kowa a kanta. Na san ƙafata, na kuma san cikinsu ba wanda zai iya cim mini, ko a kan jaki yake. Jikina duk yana ce mini in juya. Amma na san in na juya, labari zai riga ni isa Doguwa, cewa mai lamba ya kashe yarinya ya gudu, kuma daga nan har Bebeji ba uwar da za ta sake miƙa damtsen ɗanta. Ban kashe kowa ba, me zai sa in gudu kamar wanda ya kashe? Sai na ja na tsaya, na saki hannuwana.

Tsayuwar da na yi ta sa suka ɗan yi turus. Maƙerin ya matso, idanunsa jajur, ya ce, "Kai da ka iya gudu, me ya hana ka?"

Na ce, "Baba, ban yi abin gudu ba. Allah ya jiƙan 'yarka."

Ambaton yarinyar ne ya tunzura shi. Ban san wanda ya fara kai mini sanda ba, amma na san ƙotar nan ce ta sauka a gwiwata ta hagu, na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa. Na faɗi, na rufe kaina da hannu, suka yi ta jibgata har sai da mutanen dagaci suka zo suka janye ni. Aka kwantar da ni a zaure, aka kira maɗori ya ja ƙafar ya ɗaure ta da karare. Azabar wannan ja ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana ta.

Dagaci ya aika aka kira Malam, aka kuma kai wa Baffa labari, ya taso tun daga Bebeji, tsoho da shi, a kan jaki. Ranar da aka zauna, zauren ya cika har waje. Malam ya yi bayanin yadda lamba take, ba wanda ya saurare shi. Dagaci mutum ne mai son zaman lafiya, sai ya kawo shawarar sulhu, cewa in durƙusa in roƙi maƙeri gafara, in ce kuskure aka yi, shi kuma a bar maganar ƙafata, in bar garin. Baffa ya sunkuyo kusa da kunnena yana roƙona, ya ce ɗana, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ka faɗa mu tafi gida da ranka. Hawaye yake yi. Ban taɓa jin nauyin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, amma na ɗaga kai na dubi dagaci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta'aziyya zan yi masa ko sau nawa ne, don ni ma mutuwar nan ta taɓa ni. Amma ba zan ce lamba ce ta kashe ta ba, don ba ita ba ce. In na faɗa, yaran da za su mutu a bayana da bakina na kashe su."

Wuri ya kaure da hayaniya, wasu na cewa a fito musu da ni. Sai arɗon nan, wanda tun da aka fara yake zaune a bakin ƙofa da sandarsa, ya nemi izinin magana. Ya ce shi bai san boko ba, amma hannun nan da ya karta wa yarinyar shi ya karta wa 'ya'yansa da jikokinsa, ga su can a ruga ba wanda ya kwanta. Ya ce su ma in ciwon huhu ya shiga garke, tsaga hancin masu lafiya suke yi su sa musu ɗan abin ciwon, kuma saniyar da ta riga ta kamu ba ta tsira don an tsaga mata. Ya koma ya zauna. Ba zan ce maganarsa ta wanke ni a idon kowa ba. Dagaci dai ya ce a bar wa Allah, maƙerin ya tashi ya fita bai dubi kowa ba.

Malam ya so a kai ƙara gaban alƙali a kan ƙafata, na ce a'a, mutumin da ya binne 'yarsa ba zan ƙara masa da kurkuku ba. Baffa ya so in bi shi, na ce sai na tashi da ƙafata a gaban waɗanda suka karya ta. Ya tafi yana fushi da ni. Na zauna a garin, kullum a fitar da ni gindin bishiya da akwatin lamba a gabana. Da farko ba mai zuwa, daga baya mata suka riƙa zagayowa ta bayan gida da goyonsu. Wasu gidajen har muka tafi ba su fito ba, kuma an yi rashi a cikinsu. Ranar da na fara dogara sanda, ƙofar maƙerin na nufa, na yi sallama. Ina jin motsinsa a ciki, bai amsa ba. Na zauna a ƙasa na yi wa yarinyar addu'a, na shafa, na tashi.

Gwiwar ta warke a karkace. Da damina ta sauka na gwada gudu wata safiya a bayan garin Bebeji, ban yi nisa ba na kife a kan kunyar gona. Na sake gwadawa, na sake faɗuwa. Daga nan ban ƙara ba. Ban koma Kumasi ba, a nan na yi aure, a aikin asibiti na tsufa, da ɗingishina. Har yanzu nakan yi mafarki ina gudu, in farka in ji gwiwar tana zugi.

'Ya'yana sukan ce da na gudu a ranar, ko da na faɗi kalmar nan ɗaya, da ban nakasa ba. Gaskiyarsu ne, kuma ina kewar ƙafata, ina kuma jin ciwon yarinyar nan har gobe. Amma ban yi nadama ba, kuma ba na son a ji tausayina. Abin da nake so in gaya wa matasa masu barin garinsu su je taimakon marasa lafiya a wata ƙasa shi ne, ku sani ranar da aka yi rashi baƙo ake fara dubawa, kuma alherin da kuka yi jiya ba zai tare muku sanda ba. Ku girmama manya, ku yi ta bayani ko ba a saurara, ku yi kuka tare da wanda aka yi wa mutuwa, amma kada tsoro ya sa ku amsa laifin da ba ku yi ba, don wasu ne za su biya da rayukansu. Ku kuma mutanen gari, in aka ce muku wane ne ya kawo cuta, ku tambayi mai faɗa ko da idonsa ya gani kafin ku ɗauki sanda. Ni dai da za a mayar da ni ƙofar garin nan da ƙafafuna biyu lafiya, hanyar Doguwa a buɗe a bayana, a nan zan sake tsayawa.