Jarin da Ya Tsallaka Iyaka Sau Uku

Shekarun baya, lokacin da na gama karatun harkar kasuwanci na dawo gida Maraɗi, babu wanda ya kai ni jin kai a unguwar Zariya. Ina da takarda, ina da tabarau wanda idona bai buƙata, kuma ina da shawara a kan komai. Mahaifina ya laƙaba mini Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Sana'arsa aya ce da wake. Yakan saya a ƙauyuka ya tara a mangaza, wato sito, sannan ya loda kamyo, babbar motar kaya, zuwa wata ƙasa ta bakin teku, inda wani mai masauki yake sayar masa ya cire ladarsa. Ni na dame shi da cewa ladar nan ta yi yawa, gara mu buɗe kamfani a can da sunanmu. Wata uku ina wannan waƙa. Ranar da ya gaji ya ce to in je in buɗe, in ya tsaya ni zan riƙe shi. In kuma bai tsaya ba, garkarmu ta zogale a Jiratawa tana neman mai tsaron injin ban ruwa, sai in kai ilimina can. Yayyena biyu suna wurin, suka yi wata dariya da har yau ban gama yafe musu ba.

Na tafi da ƙarfina. Cikin mako guda na samu mangaza mai kyau kusa da kasuwa, mai ita ya yarda ya ajiye mini har ƙarshen watan gobe, da sharaɗin in kawo masa takardar kamfani, don ba ya ba baƙo haya haka kawai. Daga nan na nufi biro, wato ofishin da ke kula da baƙi masu son kafa kamfani. Wata mata mai fara'a, sa'ar mahaifiyata, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce baƙo ba ya buɗe kamfani a ƙasarsu sai ya shigo da jari wanda bai gaza wani adadi ba, kuma na masu saye da sayarwa ya fi na kowa nauyi. Da ta faɗi adadin, kunnena ya toshe. Ta ci gaba da magana, bakinta yana motsi, ni kuwa tunanina yana kan yadda zan faɗa wa mahaifina. Ta miƙo mini takardar bayani mai shafi huɗu, na leƙa shafin farko kawai, na ninke na tura aljihu na yi godiya.

Da na kira gida na faɗi adadin, na zaci zai ce in dawo. Sai ya ce in ba shi kwana goma. A nan na fara gane ban san mahaifina ba. Mutumin da yake yawo da takalmi ɗaya shekara biyu, ya sayar da wake, ya rage shanu, kafin kwana goma jari ya haɗu. Ya tambaye ni ta ina za a aiko. Na ce, da muryar wanda ya san duniya, ai ta inda aka saba.

Inda aka saba kuwa shi ne wurin amininsa, wani dattijo ɗan Tsibiri da ke shigowa kasuwar Maraɗi kowace safiya. Sun haura shekara arba'in tare. In kana son kuɗi su isa wata ƙasa, sai ka ba shi a nan, ya ɗaga waya ya kira ƙanensa a can, a ba naka mutum. Ba takarda, ba sa hannu, kuma ba a taɓa jin ko dala ta ɓata a hannunsa ba. Mahaifina ya kai masa da hantsi, kafin la'asar ƙanen ya miƙa mini a bayan shagonsa cikin buhun shinkafa. Na kai banki a can na zuba, na karɓi resi, ina ta yaba wa kaina yadda na tsallake jira da cajin aika kuɗi.

Washegari na sa riga mai guga na koma wurin matar nan. Na ajiye resin a gabanta kamar wanda ya kawo kyauta. Ta duba, ta ce madalla, sannan ta tambaye ni ina takardar da ke nuna kuɗin daga waje suka shigo. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da shekarun amincin dattijon da mahaifina. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau tana ƙoƙarin danne dariya.

"Ɗana, ban ce ƙarya kake yi ba," in ji ta. "Amma a wurin doka, kuɗin nan a garin nan aka haife su. Jarin baƙo sai ya shigo ta banki, daga ƙasarku zuwa tamu, a ga sawunsa. Yana shafi na biyu na takardar da na ba ka."

Na laluba aljihu. Takardar tana nan yadda na ninke ta, har ta sha wanki sau ɗaya.

Na fito na zauna a gindin wata bishiya, kuma gaskiya tsoro ya kama ni. Saura kwana goma sha shida mai mangaza ya ba wani. Ina rufe ido sai in ga kaina a Jiratawa, wando a naɗe, ina jan igiyar inji, yayyena suna wucewa a mota suna ɗaga mini hannu. Sai da na yi sallar azahar na samu ƙarfin kiran mahaifina.

"Kuɗɗin sun ɓace?" ya tambaya.

"A'a, Baba, suna nan."

"An rage wani abu?"

"Ko dala ba a taɓa ba."

"To mi ya ɓace, Mushe?"

Na ce takarda. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne a ce ga kuɗi a fili, ga mutumin da ya aiko su da ransa da lafiyarsa, amma a ce ba su zo ba. Da maganar ta kai kunnen dattijon Tsibiri, shi ransa ne ya ɓaci. Ya ce a ba shi lambar matar ya yi mata magana da kansa, in kuma rantsuwa take so zai hau mota ya je ya yi. Sai da mahaifina ya bi shi har gida Tsibiri ya lallashe shi, ya nuna masa ba amanarsa ake tuhuma ba, su mutanen can takarda kawai suka iya karantawa.

Mafita ɗaya ce, kuɗi su koma Maraɗi su sake tahowa ta banki. Na ciro su daga banki bayan tambayoyin da suka sa na yi gumi, na mayar wa ƙanen dattijon. Waya ɗaya, kafin magariba sun koma hannun mahaifina. Dattijon ya ƙi karɓar lada, ya ce shi bai taɓa cin ladar kuɗin da suka je yawon buɗe ido ba.

Wahalar gaske a kan mahaifina ta faɗa. Mutum ne da ko mahaifiyata ba ta san abin da ya mallaka ba. In ka tambaye shi kasuwa, amsarsa ɗaya ce, ana cikin rufin asiri. Ga shi yanzu zaune a banki gaban wata ma'aikaciya sa'ar ƙanwata, tana tambayarsa ina ya samo kuɗin, me ya sayar, wa ya saya, ina shaida. Babban yayana da ya raka shi ya ce sau uku yana miƙewa zai fita, sau uku yana komawa ya zauna. Kwana biyu suna zarya, har da ɗauko wanda ya sayi shanun ya zo ya sa hannu. Da aka gama, ma'aikaciyar ta ce sai a jira kamar mako guda. Mahaifina ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, da ƙahwa za su tahi?"

Kwana tara suka yi a hanya. Ni kuwa a kwanakin nan na haddace shafi huɗun nan kamar karatun allo, kullum da safe ina bakin banki kafin mai gadi ya buɗe ƙofa. Ranar da suka iso na karɓi takardar na ruga biro. Matar ta buga hatimi, da na ba ta labari ta ce in gaida mata dattijon da ya so ya zo ya yi rantsuwa. Na kai wa mai mangaza takardar kamfani saura kwana biyu wa'adinsa ya cika. Da na kira mahaifina ina haki don murna, abin da ya ce kawai shi ne kamyo zai taso ranar Asabar, in tabbata an share mangazar.

Kamfanin yana nan har yau, kuma ni nake riƙe da shi. Duk ɗan garinmu da ya zo yana son buɗe nasa a wata ƙasa, nakan gaya masa kada ya tsaya a tambayar nawa ake so, ya tambayi ta wace hanya ake so su shigo, kuma ya karanta takarda har bayanta. Amanar da muke kasuwanci da ita a Maraɗi ban raina ta ba ko kaɗan, da ita muke aiki gobe ma. Na dai gane cewa wanda bai san ka ba, bai san ubanka ba, dole ka ba shi abin da zai riƙe a hannu.

Abu ɗaya ne ban sani ba sai bayan shekaru, mahaifiyata ce ta gaya mini muna hira. Ashe ranar da na yi waccan waya ta cewa an ƙi karɓar jarin, yayyena sun samu mahaifina sun ce a dawo da ni, ɗayansu ya je ya gyara ɓarnar. Ta ce yana cin tuwo, ko kai bai ɗaga ba, ya ce musu: "Shi ya karanta shahi guda na takardar, ni ban karanta ko guda ba, kuma ni na kai kuɗɗin da hannuna. In za a kai wani Jiratawa, sai a kai mu mu biyu."

Bai taɓa gaya mini ba, kuma na san in na tayar da maganar cewa zai yi bai tuna ba. Ranar da na ji, fita na yi na shiga mota na zauna, na daɗe ban tayar da ita ba.