Tumatirin Dalhatu a Kanal

Wanda ya ga Dalhatu yau a bakin titin Garun Mallam, yana jan ƙafa yana auna wa matafiya tumatir, ba zai yarda shi ne direban da ya kusa sa mini ciwon zuciya a 1988 ba. Ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni noman rani nake a Bunkure, shi kuwa fartanya ba ta taɓa zama a hannunsa ba, sai sitiyari. Akori-kura yake ja, yana kwaso kwandunan tumatir daga gonakin Kadawa ya kai Kano kafin rana ta dafa su. Tuƙinsa a da na dattawa ne, har abokai suna masa tsiya wai jaki zai riga shi isa.

Abin ya lalace ranar da ya shiga wani shago a Sabon Gari, ya tarar da akwatin wasa mai gilashi irin na talabijin, da sitiyarinsa da totur. Sai ka zaɓi motar tsere, irin shafaffun nan kamar faranti a kife, ka yi ta gudu a titin da babu shi a duniya. Daga ranar ba mu sake wata hira ba sai ta motocin akwatin nan.

"Yaya, farar tana riƙe kwana amma ba ta da wuta," in ji shi. "Shuɗiyar birkinta ne mai kyau. Jar kuwa ba a taka mata birki sam, da wuta ake shiga kwana, da wuta ake fita."

Na ce, "To wacce ce a cikinsu take ɗaukar kwando?" Ya yi dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Sau ɗaya na shiga motarsa bayan haka. Hanyar bakin kanal muka bi, 'yar siririya, ruwa na gudu a gefenmu, kwanduna sun haura rufin mota suna rangaji. Ya ce wai yau jar yake ja. Salati kawai nake yi har na sauka. Na roƙe shi, na kai ƙararsa wajen Umma. Ya yi mata alkawari zai rage, kuma ya riƙa ragewa har zuwa inda idonta ya tsaya.

Wata rana da hantsi ina sakar wa albasata ruwa, sai ga tumatir ɗaya yana yawo a kanal. Kafin in ɗaga kai ruwan ya yi ja da su. Bayansu kwando ya biyo, ɗaure da shuɗiyar igiyar da Dalhatu ke ɗaure kaya. Na yar da fartanya na bi gefen kanal da gudu, ina kiran sunansa kamar mahaukaci, tsoro ya hana ni duban ruwan.

A wata kwana na tarar da motar, tayoyi sama. Manoma sun janyo shi sun kwantar a kan kunyar gona, ƙafarsa ta dama a karye, ta juya. Yana da rai. Ya dube ni, haƙoransa na haɗuwa, ya ce, "Yaya, a can cikin akwatin wasa in ta kife, da kanta take tashi."