Jar Ƙasar Gonar Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, muka ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidana a Muchiya. Mutumin da ya tsufa da fartanya a kafaɗa, sai ga shi a kujerar roba yana kallon katangar maƙwabta. Ya daina yi mana faɗa, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Tuwo ma loma biyu yake yi ya ture kwanon. Likita ya ce muddin ba ya cin abinci, magani ba zai yi masa komai ba. Gonarsa yake so, hanyar ƙauyen kuwa ba ta marar lafiya ba ce.

Hoton gonar ko ɗaya ba mu da shi. Wa ke ɗaukar gona hoto? Na kai kukana wurin wata ƙawata da muke zumuntar mata tare a coci, malamar zane ce a Samaru, ina sa ran ta zana mini. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gonar ba, ni na gani, don haka ni zan zana. Ni tela ce, na haura arba'in a lokacin, kuma rabona da zane tun kofin da na yi a firamare malam ya tambaye ni ko kwaɗo ne.

Ta aike ni shagunan PZ na sayo wani fentin takarda da ake damawa da ruwa, sunansa guwash, da buroshi biyu. Duk Asabar sai na hau bas zuwa Samaru. Ran farko na tsula ruwa har takardar ta kumbura.

"Ke, kunu kike damawa?" in ji ta. "Wannan wota ɗin ya yi yawa. Ɗigo biyu kawai."

Na rage ruwan, na lafta fentin da kauri, ya bushe ya tsattsage kamar faso. Ta koya mini in fara da manyan wurare, in jira su bushe, sannan in ɗora ƙanana da shafa ɗaya. In na yi ta goga, na ƙasan sai ya narke ya dagule da na saman. Haƙurin jira ne ba ni da shi, sai da ta riƙa ƙwace buroshin tana ba ni gyaɗa in ɓare.

Abin da ya fi ba ni haushi, launin da ka gani a jiƙe ba shi za ka gani a bushe ba. Na haɗa ja mai kyau, ya bushe ya koɗe. Haka na kai wa Baba zanen farko. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ƙasar wa ce?" ya ce. "Tamu ja ce."

Na shige kicin na yi kuka don daɗi, wata uku ke nan bai kushe aikin kowa ba. Daga nan na koma dabarar teloli. Na yanyanka takarda kamar ƙyalle, na shafa wa kowane guntu nasa jan, na jera wa Baba a faranti. Ya ce wannan ya yi fari. Wancan kuma ya ce na masu buga bulo ne. Sai da na ƙara ɗan baƙi da ruwan ɗorawa ya daina kushewa, na san na kusa.

A zane na bakwai na samu kunyoyin gonar, da bishiyar ɗorawa, da rumbu a ɗan karkace. Ƙawata ta ja mini kunne in sa shi a gilashi, don ko ɗigon ruwa ɓata shi zai yi. Ɗoki bai bar ni ba, ina sauka daga bas na ɗora wa Baba a cinya.

Baba ya lashi babban yatsansa, yadda yake yi in zai buɗe Littafi Mai Tsarki, ya danna tsakiyar gonar ya murza.

"Baba!" na ce.

Aikin mako uku ya samu rami, har farar takarda ta fito. Ko kallona bai yi ba. Ya mutsuka jan tsakanin yatsu, ya kai hanci.

"Citta za ta yi a nan," ya ce. "Amma kunyoyin nan naki, ruwan farko zai share su. Wa ya koya miki noma? Kawo tuwon nan, in na ci zan nuna miki."

Na kawo da gudu, da ruwan wanke hannu. Ya tsoma yatsu huɗu ya wanke tas. Babban yatsan kuwa ya ɗaga shi sama, ya hana ruwa taɓa shi, kuma a haka ya cinye malmala guda.